Hoto Ɗaya Duk Sakan Biyu

Sau bakwai Hajiya Uwani ta sa na mayar da hoton baya. A na bakwai ɗin yatsana har zamewa yake a kan gilashin wayar saboda gumi. Hadari ya taso tun hantsi ya ƙi zuba, iska ta tsaya cik, ga mu mutum goma sha ɗaya cunkushe a zauren gidan su Alhaji Abarshi a Tsarnawa, kowa ya miƙo wuya.

"Tsaya nan," in ji ta. Ta fizge wayar ta miƙa wa Kawu Attahiru. "Kawu, duba da kyau. Hannun wa na wanga ga bayan Inna?"

Kawu Attahiru shi ne ƙanen Inna Gimbiya, tsohuwar da aka taru dominta, shi ne kuma babba a zauren. Ya nisanta wayar da fuskarsa, ya matso da ita, ya sake nisanta ta. Idonsa ya daɗe da raunana, amma ba wanda zai iya gaya masa haka.

Hotuna uku ne kawai, kyamarar tsakar gida ta ɗauke su ranar Talata da safe. A na farko Inna Gimbiya tana tsaye da sandarta, ta fito daga banɗaki za ta koma tabarmarta, Mubaraka kuma tana bayanta da taku uku, riƙe da buta. A na biyu butar tana ƙasa, hannuwan Mubaraka biyu suna kan kafaɗun Inna, bakinta a buɗe, tsohuwar ta karkata gaba. A na uku Inna tana kwance rub da ciki, Mubaraka na tsaye a kanta. Tun daga ranar ɓarin jikin Inna na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi, ba ta sake furta kalmar da wani ya gane ba.

Mubaraka matar marigayi Labo ce, ɗan Inna, ƙanen Alhaji Abarshi da Hajiya Uwani. Shekara uku ke nan da ya rasu a hatsarin mota. Da ta fita takaba danginta sun zo daga Tajaye za su tafi da ita, tsohuwar ta riƙe mata gefen zane tana kuka, sai ta zauna. Ita ke dafa mata abinci, ita ke mata wanka, ita ke kwana a ɗakinta. Yau ga ta zaune a ƙasa daga bakin ƙofar cikin gida, ta ja mayafi har goshi, ana shawarar ko tura Inna ta yi ko tare ta. Idan aka ce turawa ce, za ta bar gidan da sunan da ba ya wankuwa.

Ni kuwa sunana Munkaila. Ina da ɗan shago a Konni, ina sayar da faifan sola da batir, ina ɗaura wa mutane kyamarar tsaro. Ni na ɗaura wadda ta ɗauki waɗannan hotuna, ni na saita ta, shi ya sa aka kira ni. Tun da na shigo zauren na san abin da ke tsakanin hoto na farko da na biyu. Babu komai a wurin, kuma da hannuna aka yi hakan.

* * *

Wata biyar kafin nan, lokacin cirar albasa, Alhaji Abarshi ya ɗauke ni a motarsa ya kawo ni gidan. Babban ɗan kasuwa ne, manyan motocinsa na kai albasa har Abijan, can kuma ya fi zama. Kyamara huɗu ya saya: ɗaya a ƙofar gida, biyu ta bayan gidan inda ya jera rudun albasa, wato rumbunan karan da ake adana ta har ta yi tsada, ɗaya kuma a tsakar gida inda mahaifiyarsa ke wuni.

Ina kan tsani ina ɗaure ta ƙarshen, Inna Gimbiya ta ɗaga kai daga tabarmarta tana kallona. Tsohuwa ce mai barkwanci, haƙoranta biyu suka rage a gaba, da su take dariya.

"Kai ɗan nan, mi kaka rataya min bisa kai?"

Alhaji ya riga ni amsawa. "Ido na, Inna. Ko ina Abijan, in na buɗe waya ina ganin ki."

"To madalla. Ni hwa, ina ganin ka?"

Ya yi dariya, ni ma na yi, don mai gida ya yi. Mubaraka tana gefe tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Da na gama haɗa wayoyi muka zauna a zaure gaban ƙaramin allo, na yi masa bayanin da nake yi wa kowa. Na ce abin da muke kira bidiyo hotuna ne ake jerawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Kyamara tana iya ɗaukar ashirin da biyar a sakan guda, a ga komai sumul kamar a talabijin. Tana iya ɗaukar goma sha biyar, ko biyar, ko ɗaya. Amma duk suna taruwa ne a diski, akwatin ajiyar da ke ƙarƙashin allon, kuma idan ya cika sababbi ke goge tsofaffi. Hoto da yawa, kwana kaɗan. Hoto kaɗan, kwana da yawa.

"In ka sa su dut ga ashirin da biyat, kwana nawa za shi riƙe?"

"Bai wuce kwana takwas ba, Alhaji. Sai dai a ƙaro babban diski."

Ya girgiza kai. "Kwana takwas mi? Ni da nika wata biyu ban leƙo gida ba? Ina son in na zo in iske komi. Ka ga na ƙohwa da na albasa, waɗanga ka bar su da sauri, ɓarawo gudu yakai. Ta tsakar gida ka rage ta."

"In kai ta biyar?"

"Mi ne na ƙasa ga duka?"

"Hoto ɗaya duk sakan biyu. Amma Alhaji, abu da yawa na iya faruwa a sakan biyu."

"Ga Inna?" Ya sake yin dariya. "Inna gudu takai? Kahin ta ɗaga ƙahwa ta aje, an ɗauke ta sau ukku. Sa mata wannan."

Na sa. Ba zan ce ya tilasta ni ba. Na faɗi maganata sau ɗaya, a hankali, irin faɗin da mai sana'a ke yi don ya wanke kansa, na kuma yi shiru domin ya riga ya yi mini zancen wasu kyamarori goma da yake so a sitonsa na Konni. Albasa ta samu goma sha biyar a sakan. Inna ta samu ɗaya a sakan biyu.

* * *

Kawu Attahiru ya mayar mini da wayar ya juya wajen ƙofa. "Mubaraka, kin ji abin da anka ce. Hwaɗa muna naki."

Ba ta ɗaga murya ba, sai da kowa ya yi tsit kafin a ji ta. "Kawu, ina bayanta da buta. Sai nig ga sandar ta kakkarwa, kanta ya yi gehe. Na yada butar, na ruga in riƙe ta. Na kama kahwaɗunta, amma ta hi ƙarhina, ta suɓuce man. Iyakar abin da na sani ke nan, Allah na gani."

"Allah na gani, kyamara ma na gani," in ji Hajiya Uwani.

Hajiya Uwani a Konni take aure, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a mota, amma rabonta da kwana a gidan nan tun arba'in ɗin Labo. Ba na cewa ba ta son uwarta. Na ga idonta a ranar, ya kumbura don kuka. Sai dai shekara uku matan gari suna yabon Mubaraka a gabanta a wajen biki da suna, ita kuma tana haɗiyewa, yanzu abin ya samu ƙofar fita.

Kwana huɗun da Inna ta yi a asibiti, Hajiya ta sa ɗanta ya buɗe mata hotunan wata biyun da diski ya tara, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta ciro wayarta ta shiga nunawa. Ga Mubaraka ta ɗaga hannu sama daidai kan Inna. Ga Mubaraka tana janye kwano daga gaban Inna, tsohuwar ta miƙo hannu. Ga Inna ita kaɗai a tabarma, ba kowa kusa.

"Shanya nikai, igiyar bisa kanta take," in ji Mubaraka. "Kwanon kuwa miyar yara ta, da gishiri, likita ya hana ta."

"Ke dai komi da amsarshi," in ji Hajiya.

Na dubi hotunan, raina ya ɓaci. A cikin hotuna sama da miliyan biyu, wanda ya zauna nema zai samu duk abin da yake so. Ba a nuna wanda Mubaraka ke goye da tsohuwar zuwa ɗaki ba, ko wanda take yanke mata farce, alhali na tabbata suna ciki.

Kawu ya ce, "Kai mai kyamara, kai ka san abin ga. Mi kag gani?"

Na gyara zama. Na ce kyamarar tsakar gida hoto ɗaya take ɗauka, ta rufe ido sakan biyu, ta sake ɗauka. Na ce a sakan biyu mutum na iya taku huɗu. Hannun da ke turawa da hannun da ke riƙewa, idan aka tsayar da su cik, kamarsu ɗaya. Abin da zai raba su shi ne wa ya fara motsi, Inna ko Mubaraka, wannan kuwa yana cikin abin da kyamarar ba ta ɗauka ba. Har na miƙe na kama kafaɗar wani ɗan'uwansu na nuna musu.

Wani daga baya ya ce, "To don mi anka sa ta haka nan?"

Na dubi Alhaji Abarshi. Tun da aka fara yana zaune a kujera yana juya makullin mota a hannu. Jirgi ya hau daga Abijan da aka gaya masa, kwana biyu bai runtsa ba. Ya ɗago muka haɗa ido, ya sake sunkuyawa. Amsar tana bakina, da kalmomin da ya faɗa ranar da dariyar da ta biyo su. Na ce, "Don diski ya daɗe bai cika ba." Gaskiya na faɗa, amma rabinta, kuma na ga kafaɗunsa sun sauka.

Hajiya Uwani ta matso. "Malam Munkaila, tambaya guda. Kana iya dahwa Alƙur'ani ka ce ba ta tura ta ba?"

"Hajiya, ban ga lokacin ba. Kyamarar ma ba ta gani ba."

"Kana iyawa ko ba ka iyawa?"

"Ba na iya rantsuwa a kan abin da ban gani ba. Amma ke ma…"

"Kun dai ji," in ji ta, ta juya wa jama'a. Sauran maganata ta bi iska.

Kawu ya ce a je a tambayi mai abin. Muka shiga ɗakin Inna mu biyar. Tana kwance a gado, bakinta ya karkace, idonta kaɗai ke yawo. Kawu ya sunkuya ya tambaye ta a hankali. Da idonta ya faɗa kan Mubaraka a bakin ƙofa, sai ta fara wani gurnani daga maƙogwaro, hannunta na hagu yana dukan katifa, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Mubaraka ta yunƙura za ta je gare ta, Hajiya ta tare ta da hannu.

"Kun gani? Ganin ta kaɗai ya tada mata hankali."

Ni abin da na gani daban ne, amma an riga an gama da shaidata. Aka koma zaure. Kawu ya ce ba za a kai magana wurin jandarma ba, don albarkacin marigayi. Mubaraka ta haɗa kayanta ta koma gidan iyayenta. Alhaji ya buɗe baki karo na farko, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

* * *

Washegari da hantsi ina shago ina kwance wani batir, na ji sallamar mace. Mubaraka ce, da ƙullin kaya a ka da jakar leda a hannu. Ta sauko Konni neman motar Illela, daga can ta wuce Tajaye. Na ba ta benci, ta ƙi zama.

"Malam Munkaila, tambaya gare ni. Hotunan ga na tsakani, da kac ce babu, ina suka tahiya? In an buɗe akwatin ba a iske su?"

Na ce mata ba ɓata suka yi ba, ba a taɓa ɗaukar su ba.

"Ko can wurin waɗanda sunka ƙera abin?"

"Ko can."

Ta daɗe tana kallon kyamarorin da na jera a kanta, sababbi fil a kwalinsu. Na ɗauka za ta zage ni, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Na ce mata ni na yarda da ita. Ta ce ta gode, da irin muryar da ake gode wa wanda ya kawo ruwa bayan an gama cin abinci.

Sannan ta buɗe ledar ta ciro wata takarda da aka yago daga littafin makaranta. Ta ce ba ta yi lakwal, wato makarantar boko, da nisa ba, wata maƙwabciya ta rubuta mata. Hajiya ta ƙi karɓa daga hannunta, ko zan ba Alhaji? Na karanta. Ƙwaya fara da safe bayan kunu, ja da dare. Kunun kada ya yi zafi, ba ta iya cewa ya ƙona ta. Ba gishiri. A jiƙa mata goro a daka, tana son ɗanɗanonsa ko ba ta tauna ba. A riƙa yi mata magana, tana ji.

"Ka ce mai kar shi ce daga gare ni ta hito, don kar a yada ta."

Na ce to. Ta gyara ƙullin kayanta ta fita, na bi ta da kallo har ta shige cikin masu babura a bakin tasha. Kunya ta hana ni komawa kan batir ɗin har azahar.

* * *

Na ba Alhaji takardar. Ya karanta, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, bai tambayi wanda ya rubuta ba. Ya ce yana so in zo da diski mafi girma da nake da shi, in mayar da kyamarar tsakar gida ashirin da biyar a sakan. "Ba ni son irin wagga rigima ta sake hwaruwa," in ji shi. A ranar da na je na yi aikin, da yamma ya kama hanyar Yamai zai hau jirgi.

Hajiya Uwani ta yi kwana tara a Tsarnawa. Ta yi ƙoƙari, ban musa ba, amma tana da miji da ƴaƴa da shagon atamfa. Aka samo wata mata daga unguwar gaba, tana zuwa da safe ta yi wa Inna wanka ta ba ta kunu, ta fito da ita rumfa, ta kulle ƙofar gida da kwaɗo saboda albasa, ta tafi gonarta sai la'asar.

Bayan sati biyu Alhaji ya kira ni daga Abijan, ya ce in duba, hoton yana tsinkewa a wayarsa. Ina shago, rana ta take tsaka. Na buɗe kyamarar a tawa wayar. Lafiyarta lau, reso ne, wato sabis ɗin waya, ya yi rauni a wajensa. Hoton ya fito tas, har ganyen dogon yaro ana ganin kaɗawarsa.

Inna tana kwance a gadon kara ƙarƙashin rumfa. Da safe aka ajiye ta a inuwa, amma inuwar ta janye, rana ta sauko mata daga ƙirji zuwa fuska.

"Alhaji, kyamara lafiya take. Amma rana ta kai ga Inna."

"Subhanallahi. Bari in kira matar." Bayan minti biyar ya sake kira. Wayar matar a kashe take, tana gona. Ya kira Hajiya, tana wajen suna a Malbaza. Kawu ya tafi kasuwar Badaguishiri. "Ka san la'asar ta kusa," in ji shi. Na ji ana kiransa daga baya, ana sauke mota. "Munkaila, ka ɗan riƙa duba man ita. Hoton ya komo nan ma, ya yi kyau ƙwarai."

Na ɗauki makullin babur na tsaya a ƙofar shago. Ko na je, kwaɗo ne a ƙofar, mabuɗin yana ƙugun matar da ban san gonarta ba. La'asar kuwa saura awa biyu da rabi.

Na sake duban wayar. Inna ta ɗaga hannunta na hagu a hankali, yana karkarwa, ta kai shi saman idonta. Ya ɗan tsaya, ya zame ya faɗi a kan gadon. Ta huta. Leɓɓanta suka motsa, ta juya ido wajen ƙofar ɗakin da babu kowa a ciki. Sannan hannun ya sake tasowa, yatsa bayan yatsa, hoto ashirin da biyar a kowane sakan, ba ko ɗaya da ya ɓace.